Kayan fasaha a jami'o'in Nijar, Kamaru da Chadi: abin da ɗalibi ke amfani da shi da yadda zai kare kansa

A yau ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta André Salifou a Damagaram, ko ta Ngaundere, ko ta Njamena, yana buƙatar lambar waya da adireshin imel da kalmar sirri kamar yadda yake buƙatar biro da littafi. Da su ne yake cike takardu, yake karɓar darasi daga malamai, yake duba sanarwa, kuma ta wayar ne iyaye ke aiko masa da kuɗin guzuri. Duk wanda ya mallaki waɗannan abubuwa uku ya mallaki rabin rayuwar ɗalibin a makaranta. Ga bayani kan kayan aikin da kuma inda ɓarayi ke bi su shigo.

Kayan aikin da aka fi cin karo da su

Na farko shi ne shafin rajista. A nan ɗalibi ke saka sunansa, ranar haihuwa, hoton takardar haihuwa da sakamakon jarrabawar bakaloriya. Masu neman karatu a Faransa su ma ta irin wannan shafi suke bi, wato Études en France na hukumar Campus France.

Na biyu shi ne dandalin darasi. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Moodle, manhajar kyauta da wani ɗan Ostiraliya, Martin Dougiamas, ya fitar a shekarar 2002. Malami kan ɗora darasi a kai, ɗalibi ya sauke, ya yi aikin gida ya mayar. Akwai kuma Google Classroom da Zoom. Amfani da su ya ƙaru sosai daga watan Maris na 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a ƙasashen yankin.

Na uku, wanda a zahiri ya fi kowanne aiki, shi ne zauren WhatsApp na aji. Saboda tsadar data da raunin sabis, nan ne wakilin aji ke sanar da sauyin lokacin darasi, nan ake raba takardu da hotunan allo.

Sai kuma na'urorin kansu. A Kamaru, shugaba Paul Biya ya sanar a 2016 da rabon kwamfutocin tafi-da-gidanka 500,000 ga ɗaliban manyan makarantu, a cikin wani shiri na sefa biliyan 75 da aka ciwo bashinsa daga China, aka kuma fara rabon a ƙarshen 2017. Duk da haka, mafi yawan ɗalibai a yankin da wayar hannu suke karatu, sai in buƙatar buga takarda ta taso su nufi shagon intanet ko ɗakin kwamfuta na makaranta.

Ta ina ɓarawo ke shigowa?

Ba kasafai ake fasa na'urar ɗalibi da wata ƙwarewa ta musamman ba. Yawanci shi ake yaudara ya buɗe ƙofa da hannunsa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hanya mafi shahara ita ce saƙon tarko. Saƙo zai zo ta WhatsApp ko imel yana cewa an buɗe tallafin karatu zuwa Kanada ko Turkiyya, ko kuma za a soke rajistar ɗalibi in bai tabbatar da bayanansa ba kafin gobe. A ƙasa akwai mahaɗi. Shafin da zai buɗe yana kama da na gaskiya, har da tambarin jami'a, amma duk abin da aka rubuta a ciki hannun ɗan damfara yake faɗawa. Alamomin irin wannan saƙo ba sa sauyawa: gaggawa, alkawarin da ya wuce hankali, da neman a biya “kuɗin dosiye” zuwa lambar wayar wani mutum.

Hanya ta biyu ita ce satar asusun WhatsApp. Idan aka yi yunƙurin buɗe asusun mutum a wata waya, kamfanin kan aiko da lambobi shida ta gajeren saƙo zuwa layin mai asusun. Ɗan damfara sai ya kira, ya ce shi daga ofishin makaranta yake ko kuma ya yi kuskuren tura lambobin ne, a taimaka a karanto masa. Da zarar an karanta, asusu ya tafi. Daga nan sai ya shiga zauren aji da sunan ɗalibin, ya nemi rance a wurin abokai, ya kuma yi wa wasu irin abin da ya yi masa. Haka aji guda ke faɗawa ɗaya bayan ɗaya.

Hanya ta uku ita ce kwamfutar haɗaka. Ɗalibi ya buɗe imel ɗinsa a shagon intanet don buga takarda, lokacinsa ya ƙare, ya tashi bai fita daga asusun ba. Wanda ya zauna bayansa ya tarar da komai a buɗe. Ƴar na'urar ajiya ta USB da ake yawo da ita daga shago zuwa shago ita ma tana kwaso cutar kwamfuta, kuma ɗalibai da dama sun yi asarar kundin kammala karatu ta haka, ana saura kwanaki a miƙa shi.

Matsalar ɗalibin da ya ƙetare iyaka

Akwai haɗarin da ya fi shafar Hausawan da ke karatu a wata ƙasa, kamar ɗan Maraɗi da ke Katsina ko Sakkwato, ko ɗan Garwa da ke Njamena. Irin wannan ɗalibi yana da layi biyu ko uku. Ya buɗe imel da WhatsApp da layin gida, ya iso makaranta ya sayi sabo, ya jefa tsohon cikin jaka. Ranar da ya manta kalmar sirri ko aka sace wayarsa, lambobin dawo da asusu za su tafi ne ga tsohon layin. Idan layin ya daɗe ba ya aiki, kamfanonin waya kan rufe shi su sake sayar da lambar ga wani. Wannan baƙon ne zai riƙa karɓar saƙonnin da suka shafi asusun ɗalibin.

Harshe ma na taka rawa. Wanda ya yi karatu da Faransanci ba lalle ya gane kurakuran da ke cikin saƙon bogi na Ingilishi ba, haka wanda ya taso da Ingilishi idan saƙon ya zo da Faransanci. Iyaye a gida kuma, da ba su san tsarin makarantar ba, su ne ake kira a ce ɗansu ya shiga matsala, a turo kuɗi yanzu. Maganin wannan shi ne a kashe wayar, a kira ɗan kai tsaye ta lambar da aka sani.

Matakan kariya

- Kowane asusu ya samu kalmar sirrinsa daban. Jimla mai tsawo ta kalmomi huɗu ko biyar ta fi ranar haihuwa ko lambar rajista, waɗanda duk ɗan aji zai iya sani.
- A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel da Facebook. A WhatsApp, mutum ne ke zaɓar wasu lambobi shida na kansa, waɗanda ɓarawo zai buƙata ko da ya samu na gajeren saƙo.
- Lambobin da suka zo ta saƙo, da lambar sirrin asusun kuɗi na waya, ba a faɗa wa kowa. Jami'a ba ta tambayarsu, kamfanin waya ma haka.
- Kafin a saka bayani a shafi, a duba adireshinsa da kyau. Ya fi aminci mutum ya rubuta adireshin jami'a da kansa a kan ya latsa mahaɗin da aka turo masa. Alamar kwaɗo a gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ce, shafukan bogi ma suna da ita.
- Wanda ya sauya ƙasa ko layi ya sabunta lambar da ke maƙale da asusunsa tun tsohon layin na hannunsa.
- Kundin bincike a ajiye shi wuri biyu aƙalla, ɗaya a na'ura, ɗaya a imel ko Google Drive.
- Sanarwar kuɗin makaranta ko tallafi a tabbatar da ita a ofis. A Nijar, hukumar ANAB ce ke kula da tallafin karatu na gwamnati.

Abin da doka ta ce

Nijar ta kafa dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 a ranar 3 ga Yulin 2019. Gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024 ya dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, da kuma yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Hukumar HAPDP ce ke kula da kare bayanan sirrin mutane. A Kamaru, dokar 21 ga Disamban 2010 ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da gaskiyarsa ba, hukumar ANTIC kuma ke sa ido kan tsaron intanet. A Chadi wannan aiki na hannun ANSICE.

Ma'anar wannan ga ɗalibi ita ce, abin da aka tura da asusunsa shi za a fara tambaya, ko da wani ne ya sace asusun ya tura. Haka nan tura jita-jita ko hoton wani zuwa zauren aji na iya kai mutum gaban alƙali.

Idan abin ya riga ya faru

A fara da sanar da ƴan aji da dangi ta kira ko ta wayar aboki, don kada kowa ya tura kuɗi. A sake shigar da lambar a WhatsApp, sabbin lambobi shida za su zo, shigar da su kuma kan fitar da ɓarawon, sai dai in ya riga ya kunna mataki na biyu, akan jira har kwana bakwai kafin mai asusun ya iya shiga. A sauya kalmar sirrin imel kafin ta sauran asusu, tunda ta imel ake dawo da su. Idan kuɗi ne suka fita, a kira kamfanin nan take da lambar shaidar cinikin, a ɗauki hoton saƙonnin kafin a goge komai, sannan a kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma. Sashen kwamfuta na jami'a shi ma a sanar da shi, domin saƙon da ya kama ɗalibi ɗaya yawanci yana cikin wayoyin sauran ƴan ajinsa.