Hal.dll da Masu Gyaran Kwamfuta na Nima

Sana'ar gyaran kwamfuta a unguwannin Nima da Mamobi tare ta taso da shagunan intanet. A 2001 aka buɗe kafen intanet na BusyInternet kusa da shataletalen Circle, shekarar da Windows XP ya fito, kuma ba a jima ba ƙananan kafe suka bazu a lungunan Zango. Injinan da muke jerawa a kan benci kusan duk gwanjo ne daga Turai da Amurka, sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, mu kuma mu saro a Tip Toe Lane.

Ni dai abin da ya fi ciyar da ni a wancan zamani saƙo ne guda: baƙin allo, farin rubutu, wai hal.dll ya ɓace ko ya lalace. Mai kafe ya aiko yaro a guje tun da sassafe, "Maigida, inji ya ƙi tashi."

Fayil ɗin DLL ba na manhaja ɗaya ba ne. Kamar famfon gidan haya yake, kowane ɗaki daga nan yake ɗiba, ran da ya toshe kuwa gida duka a rasa ruwa. Yawancinsu suna zaune a System32. Shi hal.dll aikinsa ya tsaya tsakanin Windows da ƙarafunan inji. Sau da yawa ma yana nan lafiya lau. Wani ɗan fayil ne mai suna boot.ini yake nuna wa injin inda ba nan ba. Da faifan XP da umarnin bootcfg /rebuild, kafin mai shayi ya gama soya ƙwai an gama.

Me ke lalata fayilolin DLL? Wuta ce kan gaba. A 2006 da 2007 ruwan madatsar Akosombo ya ja baya aka shiga rabon lantarki, sannan dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ta kai maƙura a 2015. Inji yana cikin rubutu a ɗauke wuta, fayil ya tsaya rabi. Sai ƙwayoyin cutar da ke yawo a fulash daga kafe zuwa kafe, da Windows na bogi da aka rage masa kaya.

Nan masu gyara suka rabu biyu. Akwai masu haƙurin neman musabbabi, akwai 'yan fomat, waɗanda kowace cuta maganinsu ɗaya: share komai. Na ga hajiyar da hotunan aikin hajjinta suka tafi haka, da malamin makarantar Islamiyya da ya rasa sunayen ɗalibansa. Wannan a wurina ba gyara ba ne, lalaci ne da ake karɓar kuɗi a kansa.

Da samari suka koma wasan ƙwallo a kwamfuta, sai d3dx9_43.dll da msvcr100.dll suka karɓi fage. Sukan sauko da fayil ɗin shi kaɗai daga shafin da ba a san asalinsa ba, su jawo cuta. Alhali DirectX ko Visual C++ 2010 kawai ake sakawa.

A Afrilun 2014 Microsoft ta daina kula da XP, waya ta cinye kasuwar kafe, abokan sana'ata da yawa suka koma gyaran waya a Circle. Saƙon ɓacewar DLL kuwa har yau yana fitowa. Idan ya fito maka, ka ce a fara gwada sfc /scannow, kuma kada ka yarda a yi fomat sai an kwashe maka kayanka tukuna.