Gardamar Makaɗa a Ajame da Tireshbil: Wa Ya Fi Wani?

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a wurin Hausawa, ko a gida ko a baƙunta, ita ce ta wane makaɗi ya fi wani. Mutum biyu da ba su taɓa rataya ganga ba sai su raba dare suna musu a kan Shata da Narambaɗa. Kowa yana cewa nasa ne gwani, na ɗan'uwansa kuwa suna ne kawai ya yi masa yawa. A cikin wannan rubutu za mu bi gardamar zuwa wani wuri mai nisa da ƙasar Hausa, wato Ajame da Tireshbil, tsofaffin unguwanni biyu na birnin Abijan a ƙasar Kwaddibuwa. Mun zaɓi wurin ne domin a can gangunan al'ummu da yawa suka haɗu. A can kuma aka taɓa ƙwace wata ganga da ƙarfin mulki, labarinta kuwa zai taimake mu mu sami ma'aunin da ya dace.

Yadda Hausawa suka kai bakin teku

Fataucin goro ne ya fara jan Hausawa zuwa kurmin yamma, tun zamanin ayarin jakuna masu bin hanyar Gwanja zuwa Salaga. Abijan kuwa sabon gari ne. Faransawa sun mai da shi hedkwatar mulkinsu a 1934. A 1950 suka gama haƙa mashigin ruwa na Biridi, wanda ya ba manyan jiragen ruwa hanyar shigowa daga teku, a 1951 kuma aka buɗe tashar jiragen. Turawa suka zauna a Filato, tudun da ke tsakiyar gari. Baƙaƙen fata suka cika Ajame ta arewa, da Tireshbil ta kudu, a hayin ruwa. Ajame asalinta ƙauyen Ebiriye ne, mutanen da suka riga kowa zama a bakin wannan ruwa. Tireshbil kuwa, wadda ake rubutawa Treichville, ta ci sunan wani Bafaranshe ne, Marcel Treich-Laplène.

Aiki da ciniki suka jawo Jula da Mosi da Yarbawa da Zabarmawa. Hausawan Maraɗi da Tawa da Ƙonni da Damagaram suka bi sahu, musamman bayan farin 1973 da na 1984. Shaidar zamansu tana nan har a bakin mutanen gari, gama abincin nan na aceke da soyayyen kifi da ake sayarwa a gefen titi, garba ake ce masa, sunan da ya samu daga 'yan Nijar masu sayar da shi.

Baƙo yana barin gonarsa da danginsa a baya, amma kunnensa yana tafiya tare da shi. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna kuma ana kama shi a gajeren zango. Daga shekarun 1970 kaset ya zo ya sauƙaƙa kome. Direba ko falke ya sayo a Kano ko Maraɗi, ya sa a aljihu, bayan 'yan kwanaki ana jin sa a teburin mai shayi kusa da tashar motar Ajame. Inda aka sa kaset kuwa, nan gardama take tashi.

Wa ake kira makaɗi?

Kafin mu shiga musun, ya kamata mai karatu ya lura da wani abu game da harshenmu. Bahaushe yana kiran mai buga ganga makaɗi. Yana kiran mai rera waƙa a gaban ganga makaɗi. Har lanƙwasasshiyar sandar da ake bugun kalangu da ita makaɗi ce, sai dai karin murya ya bambanta. Saboda haka sau da yawa masu gardama suna tsammani a kan ganga suke musu, alhali kuwa a kan murya da azancin magana suke yi.

Abu na biyu shi ne, a ƙasar Hausa kowace ganga da aikinta. Kalangu tun asali na mahauta ne, shi ya sa ake jin sa a filin dambe. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma tana bin manoma wurin gayya. Kotso da taushi da jauje na fada ne. Tambari kuwa alamar sarauta ne, ba a taɓa shi sai da dalili. Mata suna da kiɗan ƙwarya, wanda Barmani Coge ta Funtuwa ta ɗaukaka har rasuwarta a 2013. In haka ne, wanda ya gwada mai kotso da mai gangar noma, kamar ya gwada maƙeri ne da masaƙi.

Gwanayen gida

Sunan da ya fi fitowa a gardamar shi ne na Mamman Shata. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923, bai kuwa gaji kiɗa ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da manoma. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a watan Yuni na 1999. Mutanen Katsina da na Maraɗi, waɗanda tushensu ɗaya ne, ba kasafai suke yarda a sa wani a gabansa ba.

Mutanen Sakkwato da Zamfara da Gobir kuwa sai su kawo Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na fadar Sarkin Gobir na Isa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960. Su kawo Salihu Jankiɗi mai taushi na fadar Sarkin Musulmi. Su kawo Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi kiɗa a ƙungiyar yayansa Kurna, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙoƙi, ya rasu a 1991. Hujjarsu ita ce, waɗannan sun koyi sana'ar a inda ake hukunta kuskure, gama a gaban sarki ba a gyara kiɗa sau biyu. Hujjar mutanen Shata ita ce, gwanin da bai wuce ƙofar fada ɗaya ba, talaka bai more shi ba. Makaɗan da kansu ma sun hura wutar wannan musu. Narambaɗa yana da waƙar da ake kira Bakandamiya, Shata ma yana da tasa, a cikinsu kuwa kowa kansa ya wasa.

To, wa aka zuzuta fiye da kima? In ana maganar waƙa, Shata ya ci sunansa, yabon gwani kuwa ya zama dole. Amma in ana maganar ganga, an ba shi abin da ba nasa ba. Shata tsayawa yake yi ya rera. Wannan kalangu mai daɗi da ke tafiya a ƙarƙashin muryarsa, hannuwan wasu mutane ne, waɗanda yawancin masu gardama ba za su iya kawo sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka nan Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Shi kam da hannunsa yake kiɗa, amma kuntigi yake kaɗawa, mai tsirkiya ɗaya, kuntigi kuwa ba ganga ba ne. Wanda ya kamata a ƙara ɗaga sunansa shi ne Ɗan Anace, makaɗin 'yan dambe, wanda ya wasa Shago. A filin dambe ana ganin amfanin kiɗa da ido. In kalangu ya kira taken ɗan dambe, ko dai ya zabura ya fito, ko kuwa jama'a su san makaɗin bai iya ba.

Jembe ta shiga gardama

A Kano ko Maraɗi, gardamar takan tsaya nan. A Abijan kuwa Bahaushe yana da maƙwabta masu tasu gangar. Mutanen Gini da Mali da Burkina Faso suna da jembe, wadda ake bugu da tafin hannu, ƙararta kuma tana danne ta kalangu nesa ba kusa ba. Bayan Gini ta sami 'yancin kai a 1958, gwamnatinta ta ɗauki nauyin ƙungiyoyin rawa na ƙasa, ta aika da su yawon duniya. Daga cikinsu aka sami Famudu Konate da Mamadi Keita. Shi Mamadi an haife shi a 1950. A 1986 ya zo Abijan ya shiga ƙungiyar Koteba, wadda Sulaiman Koli ya kafa a birnin a 1974. Bayan shekara biyu ya wuce Beljiyam, ya buɗe makarantar koyar da jembe, ya sami almajirai a Turai da Amurka da Japan, ya rasu a 2021. Adama Darame, ɗan Burkina Faso wanda ya zauna a Buwake, shi ma ya yi suna a Turai.

Nan ne ɗan Gini yakan tambayi Bahaushe, in kalangu ya isa, ina almajiransa a ƙasashen waje? Tambayar tana da nauyi, amma amsarta tana cikin tarihi. Jembe ta sami gwamnatin da ta sa ta a jirgin sama. Ban da haka, wanda bai ji yaren Malinke ba yana iya jin daɗin saurin hannu da ƙarfin bugu. Kalangu kuwa magana yake yi. Makaɗi yana matse tsirkiyoyinsa a hammata, yana sassautawa, sautin yana hawa da sauka yadda karin Hausa yake yi. Wanda bai ji Hausa ba, rabin abin ya wuce shi. Suna a duniya yakan bi wanda ya sami hanyar fita. Babatunde Olatunji ya tafi Amurka karatu ne a 1950, faifansa na 1960 ya mai da shi makaɗin Afirka mafi suna a can, alhali a garuruwan Yarbawa akwai gidajen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna gadon ganga, ba wanda ya ji su a waje. Wannan bai rage gwanintar Mamadi ko Olatunji ba. Ya dai nuna cewa yawan suna da yawan iyawa ba kullum suke tafiya tare ba.

Gangar Ajame

Yanzu bari mu koma ga gangar da muka ambata da farko. Tun kafin Bahaushe ko ɗan Gini ya sa ƙafa a Ajame, Ebiriye suna da wata ganga mai suna Jiji Ayokwe. Gungumen itace ne da aka rarake, ba fata a jikinta, an kuma sassaƙa siffar damisa a kanta. Tsawonta ya wuce mita 3, nauyinta kilo 430. Da ita ake aika saƙo daga ƙauye zuwa ƙauye a gefen ruwa. A zamanin aikin tilas, in jami'an mulkin mallaka suka fito kamun mutane domin aikin hanya, sai a buga ta, maza su watse kafin a iso. Da Faransawa suka gane haka, suka ƙwace ta a 1916. Ta yi shekaru a yashe a farfajiyar gidan gwamna, rana da ruwa suna dukanta, sa'an nan wajen 1930 aka kai ta gidan ajiyar kayan tarihi a birnin Paris. Aikin tilas ɗin kansa bai ƙare ba sai a 1946, da dokar da Houphouët-Boigny ya gabatar a majalisar Faransa. A 2018 gwamnatin Kwaddibuwa ta nemi a mayar mata da kayan tarihi 148, gangar nan ce kuwa a kan gaba. A watan Yuli na 2025 majalisar dokokin Faransa ta zartar da dokar mayar da ita.

Wani masani ɗan ƙasar, Georges Niangoran-Bouah, wanda ya rasu a 2002, ya ba da rayuwarsa ga nazarin irin waɗannan ganguna. A littafinsa na 1981 ya nuna cewa abin da gangunan Akan suke faɗi tarihi ne da aka adana, ana iya sauraronsa a rubuta kamar yadda ake karanta tsohuwar takarda. Bahaushen da ya san take da kirari ba zai yi mamakin wannan ba.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya. Masu mulki ba su ƙwace Jiji Ayokwe domin daɗin sautinta ba. Sun ƙwace ta ne domin mutane suna jin abin da take faɗi, suna kuma aikatawa. An auna tsawonta, an auna nauyinta, an yi doka a kanta, amma a duk labaran nan gangar ake ambata, masu bugunta kuwa an bar su a baya, kamar dai masu kalangun Shata.

Kammalawa

Gardamar makaɗa ba za ta ƙare ba, ba ma so ta ƙare, gama da ita baƙo yake tuna gida, kowane tsuntsu kuwa kukan gidansu yake yi. Amma mai son ya yi ta da adalci, sai ya riƙe tambayoyi uku. Ta farko, hannun wa ke kan fatar? Ta biyu, wane aiki aka yi gangar dominsa, ta kuwa yi shi? Ta uku, waɗanda ake yi wa kiɗan sun ji abin da ta faɗa? Da wannan ma'auni, Shata sarkin waƙa ne, kujerar kiɗa kuwa ta masu kalangunsa ce. Ƙungiyoyin kotso na Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun cancanci matsayinsu. Mamadi Keita gwani ne wanda ya sami hanya. Mutanen da suka buga Jiji Ayokwe har maƙwabtansu suka kuɓuta daga aikin tilas, su ma suna da wurin zama a sahun gaba.

Akwai kuma abin da ya rage a wuyanmu. Tsofaffin makaɗa suna ƙarewa, na'ura mai kwaikwayon kalangu ta shiga wuraren biki, yara da yawa da aka haifa a Abijan kuma suna jin ƙarar ganga ba tare da sun ji maganarta ba. In akwai dattijo mai ganga a unguwarku, ko a wurin biki yake bugawa ko a taron sujada, a tambaye shi sunansa, da sunan wanda ya koya masa, da ma'anar taken da yake kaɗawa, a rubuta a ajiye tun yana da rai.