Daga Madubin Ciwon Barci Zuwa Hasken Lesa

A shekarun 1930, tun ba a kafa jami'a a Samaru ba, madubin likita ya riga ya shiga ƙauyukan ƙasar Zazzau, kuma ciwon barci ne ya kawo shi. Ma'aikatan yaƙi da cutar kan tara mutanen gari, su bi su ɗaya bayan ɗaya suna lalubar wuya. Wanda aka ji kaluluwarsa ta kumbura, sai a soka allura a zuƙo ɗan ruwanta, a ɗiga a kan gilashi. Babu lantarki, ɗan madubin da ke gindin na'urar ke tattaro hasken rana. Da zarar mai dubawa ya hango siririn abu yana wutsil-wutsil, an gane cutar ke nan, sai magani. Waɗannan masu dubawa sun cancanci a riƙa tunawa da su.

Cutar ta yi tsanani a Anchau, can bayan Ikara. Daga 1937 aka shiga sare kurmin bakin rafuka inda ƙudan tsando mai yaɗa cutar ke fakewa, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon garin Takalafiya. A 1947 kuma aka kafa cibiyar binciken cutar a Kaduna.

Wancan madubi iyakarsa ya nuna akwai ƙwayar cutar ko babu. Cikinta kuwa dishi-dishi ne, domin hasken da ke sama da ƙasan abin dubawa yana dagula hoton. A 1957 Marvin Minsky na Amurka ya magance wannan da ɗan rami kamar na allura, wanda ke tare duk hasken da bai fito daga daidai wurin da aka saita ba. Sai a 1987, bayan masana a Kambirij ta Ingila sun haɗa dabarar da lesa da kwamfuta, wannan madubi mai suna konfokal ya bazu. Ana rina ƙwayar da sinadari mai ƙyalli, lesa ta bi ta ɗigo-ɗigo, kwamfuta ta jera hotunan hawa-hawa har wutsiyarta da cibiyarta su fito sarai, kowacce da launinta.

Dangin wannan ƙwaya ne ke sa wa shanu sammore. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi diddigin sinadarin da suke lalata jinin dabba da shi, kuma a 2009 ya lashe kyautar kimiyya ta NLNG.