Tarihi da Ƙage a Bakin Iyakar Jibiya: Daga Bakin Maroƙa zuwa Allon Waya

I

Gangara tana cikin ƙasar Jibiya ta Jihar Katsina, dab da iyakar da ta raba Nijeriya da Nijar. Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyakar nan da alƙalami cikin 1898, suka gyara ta cikin 1904 da 1906, sa'an nan Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi ta da ƙafa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamomi. Mutanen da ke gefe da gefenta harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Amma fa in aka tambayi tsofaffinsu labarin shekarar 1807, sai a ji labari biyu.

A zamanin nan masu fasahar kwamfuta da majigi sun shahara da abu biyu, watau ba da labari ba bisa jerin aukuwarsa ba, da kuma cuɗa abin da ya faru da abin da aka ƙaga. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa duka biyun tsofaffin kaya ne a ƙasar Hausa, sai dai magabata sun kasance suna sa musu shaida, yau kuwa shaidar ce take ɓacewa.

II

Bari mu fara da labarin nan biyu. Sa'ad da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina, Sarki Magajin Halidu ya fita arewa, aka ci shi da yaƙi a Ɗankama, an ce a nan ya faɗa rijiya ya mutu. Malam Ummarun Dallaje ya zauna birni. Sauran Haɓe suka naɗa Ɗan Kasawa, suka yi zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram, kana suka kafu a Maraɗi wajen 1819. Daga nan sai yaƙi da hari shekara da shekaru. Cikin 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobir da Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, inda aka kashe Sarki Rauda. Wajen 1843 kuma ƙasar Ruma ta yi bore da goyon bayan Ɗan Mari, aka murƙushe ta, garuruwa da yawa suka zama kufai. Ƙasar Jibiya tana tsakanin masu jayayyar nan biyu.

To, a birnin Katsina ana ƙirga sarakuna kashi kashi: Haɓe sun ƙare, Dallazawa sun hau, Sulluɓawa sun gaje su daga Muhammadu Dikko cikin 1906. A Maraɗi kuwa igiyar ba ta tsinke ba. Ana jero sunaye daga Korau har Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore da waɗanda suka biyo baya, har wa yau kuma Sarkin Katsina ake ce da mai sarautar garin. Muhammadu Bello ya rubuta labarin cin Katsina cikin Infaƙul Maisuri a matsayin nasarar jihadi. Landeroin, tafintan ayarin Tilho, ya rubuta abin da ya ji daga bakin mutanen Maraɗi, waɗanda ke ganin an ƙwace musu gida ne. Sunayen mutane da na wurare sun yi daidai, amma kowane gefe ya zaɓi inda labari zai soma da inda zai tsaya, zaɓin nan kuwa shi ne rabin hukunci.

Haka in muka koma can baya. Jerin sarakunan Katsina ya ba Kumayau da magadansa mulki mai tsawon da ya wuce rayuwar ɗan Adam. Labarin kokawar Korau da Sanau, inda Korau ya kā da sarki ya yanka shi, yana da siffar tatsuniya sarai. Duk da haka Yusufu Bala Usman, cikin littafinsa na tarihin Katsina na 1981, bai yar da shi ba, ya duba shi a matsayin tunin sauyin mulki daga hannun Durɓawa zuwa sabon gida cikin ƙarni na 15. Ƙage a nan kube ne, takobin yana ciki. Maroƙin fada shi ma ba ya bin jerin shekaru. Yakan ambaci sarki mai ci, ya yi tsalle zuwa kakansa na bakwai, ya komo, domin abin da yake nema ya tabbatar shi ne gado, ba lissafi ba.

III

Amma mai sauraro na dā ba ya ruɗewa, gama kowace irin magana tana da ƙofarta. Tatsuniya da dare ake yinta, a buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe ta da "ƙurunƙus", har mai yinta ya jingina ƙaryarsa ga Gizo. Labari kuwa na manya ne, mai ba da shi yakan faɗi wanda ya gaya masa, in ya zo inda bai tabbata ba ya sa "wai" ko "an ce". Kirari an san zuga ne, ba mai kai shi gaban alƙali ya zama shaida. Saboda haka aka ce gani ya kori ji. Watau jama'a sun yarda a cuɗa, muddin an bar musu alamar da za su rarrabe.

Da boko ya zo, marubuta suka ɗauki al'adar nan. Cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933 akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina. Littafin ya soma ne daga ƙarshe: tsohon mayaƙi yana ba yara labarin ƙuruciyarsa. Kashi na fari tarihi ne da za a iya gwada shi da takardu, watau Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse da faɗuwar Kwantagora cikin 1901, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru wadda ta ƙare a Burmi cikin 1903. Daga nan sai Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas, suka faɗa ƙasashen aljannu, suna cin yaƙin da ya gagare su a gida. Masu nazari sun daɗe suna cewa littafin ya rabu biyu. Lalle ya rabu, amma a wurin rabuwar nan ma'anarsa take: inda takobi ya kasa gaban bindiga mai ruwa, nan ƙage ya karɓi labari. Mai karatu kuwa yana ganin ɗinkin da idonsa, ba a ɓoye masa ba.

A hayin iyaka an yi irin wannan, amma ɗinkin ya ɓace. Cikin 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa. Ta yi karo da Sarauniyar Lugu cikin watan Afrilu, ta yi ɓarna mai yawa a Birnin Ƙonni cikin Mayu, cikin Yuli kuma Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, kana sojojinsu suka kashe shi da Chanoine kusa da Maijirgi ta ƙasar Tasawa. Abin da takardun Faransa suka faɗa game da Sarauniya kaɗan ne. Abdoulaye Mamani ya cike giɓin da tunaninsa cikin littafinsa Sarraounia na 1980, Med Hondo ya mai da shi majigi cikin 1986, ya ci babbar lambar bikin FESPACO a Wagadugu cikin 1987. Sannu a hankali Sarauniyar littafi ta rufe Sarauniyar Lugu, har ɗalibai da yawa suka ɗauki abin da marubuci ya ƙaga a matsayin tarihi tsantsa.

IV

Yanzu sai mu duba abin da na'ura ta ƙara. Walid Raad, mutumin Labanan, ya tara hotuna da bidiyo da takardun yaƙin basasar ƙasarsa da sunan The Atlas Group, ya jingina wasunsu ga mutanen da shi ya ƙage su, domin ya sa mai kallo ya tambayi kansa yadda takarda ke zama hujja. Cikin 2018 kamfanin Netflix ya fitar da Bandersnatch, labari mai rassa, wanda mai kallo ke zaɓen hanyar da zai bi. Cikin 2020 kuma Rob Lemkin da Femi Nylander suka fitar da African Apocalypse, inda suka bi sawun Voulet cikin Nijar, suna gwama shaidar jikokin waɗanda aka kashe da labarin Kurtz, mutumin da Joseph Conrad ya ƙaga cikin 1899, suna kai da komo tsakanin jiya da yau. An juya shi da Hausa, tashar Arewa24 ta nuna shi. Waɗannan duka sun bar shaida. Mai shiga ɗakin nuni ko mai zama kallon majigi ya san ƙofar da ya shiga.

Wayar hannu ita ce ta kawar da ƙofar. Guntun bidiyo na daƙiƙa 30 yakan iso ba farko ba ƙarshe, ba sunan mai ɗauka, ba shekara. Wasan Kanawud da hoton yaƙi na gaske da kirarin maroƙi duk faɗinsu ɗaya a kan allo, ba dare ba rana, ba "wai". Ga kuma ido, wanda karin magana ta ba shi fifiko bisa kunne, ya zama shi aka fi yaudara. Abin ya wuce gardamar malamai. Binciken BBC na 2018 ya nuna cewa cikin hotunan da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Jihar Filato cikin Yunin shekarar nan akwai wanda aka ɗauka a ƙasar Kwango tun 2012, 'yan sanda kuma suka ce hotunan sun hura wutar ramuwa. In haka ta faru can, ina ga bakin iyaka, inda tarihi biyu ke kwance gefe da gefe, inda kuma aka rufe hanya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har dangi suka koma jin labarin juna ta waya?

V

Saboda haka aikin da ke gaban malaman kwalejojin horon malamai shi ne mayar da shaida, gama hana cuɗawa ba zai yiwu ba, ba shi kuma da amfani. In za a koyar da tarihin Katsina, a ajiye jerin sarakunan birni da na Maraɗi kafaɗa da kafaɗa, ɗalibi ya nemo inda suka rabu da dalilin rabuwarsu. In za a karanta Ganɗoki, a sa shi ya nuna shafin da tarihi ya tsaya. Wanda ya je ɗaukar muryar tsofaffi a Gangara ko Ɗan Isa ya rubuta gari da rana da wanda mai magana ya ji daga gare shi, kada kuwa ya yanke "an ce" wajen tace sauti, domin kalmar nan ita ce hatimin mai labari. Mai fasaha kuma ya ƙaga abin da ya ga dama, ya fara daga tsakiya ko daga ƙarshe, amma ya bar ɗinkinsa a fili kamar yadda Wali Bello ya bari.

Tsohuwa mai tatsuniya ta fi mu sanin wannan. Takan kai yara har gidan Dodo, amma ba ta sallamarsu sai ta gaya musu cewa an dawo gida.