Tarihin Saƙa da Tsinke: Daga Sana'ar Cin Abinci Zuwa Aikin Sha'awa

Saƙa da tsinke hanya ce ta yin tufa da zare guda, ana zarga shi cikin kansa da tsinke biyu ko fiye, layi bisa layi, har ya zama safa ko hula ko suwaita. Ba ɗaya take da saƙar masaƙa ba, wadda zare da abawa ke gittawa juna a cikinta, haka kuma ta bambanta da kwarashi, wanda ƙugiya ɗaya ke yi. Mutane da yawa sun ɗauka aikin mata ne na cikin gida tun fil azal, wanda inji ya zo ya kashe. Abin da kayan tarihi suka nuna ya saɓa wa wannan. Saƙa da tsinke ba ta kai tsufan da ake ba ta ba, ta daɗe tana sana'ar neman kuɗi a hannun maza da mata, kuma saƙar sha'awa da aka sani a yau inji da takardar ɗab'i ne suka haife ta.

Mafi tsufan saƙar tsinke da aka tabbatar a Masar aka tono ta, safunan auduga ne masu shuɗi da fari, na tsakanin ƙarni na 11 da na 14, wasunsu ɗauke da rubutun Larabci a jikinsu. A Turai kuwa, daga cikin na farko akwai matasan kai na siliki da aka samu a kaburburan gidan sarauta a Las Huelgas, kusa da garin Burgos a Sifaniya, ɗaya a kabarin Yarima Fernando de la Cerda wanda ya rasu a 1275. Akwai kalmar baraka da haruffan Larabci a saƙar, abin da ya sa masana suke ganin hannun masu sana'a Musulmi ne. Mai musu zai ce zare ruɓewa yake yi, kuma busasshen yashin Masar ne kawai ya adana abin da damina ta cinye a wasu ƙasashe. Wannan magana tana da nauyi, domin kyawun waɗannan safuna ya nuna ba 'yan koyo suka yi su ba, lalle sana'ar ta girme su. Amma yashin nan ya adana safunan zamanin Rumawa, na ƙarni na 3 zuwa na 5, masu rabe da babban yatsa don a sa takalmi mai igiya, kuma da aka bincika sai aka ga da allura ɗaya mai kafa aka ƙulla su, da guntayen zare, wata dabara ce dabam. Da ana saƙa da tsinke a Masar a lokacin, da wuya a ce yashi ya riƙe waɗancan ya bar waɗannan.

Da sana'ar ta bazu a Turai, sai ta zama ta kasuwa. A biranen Faransa da Jamus an yi ƙungiyoyin masu saƙa, maza ne, kuma yaro sai ya yi shekaru a ƙarƙashin maigida kafin a yarda ya buɗe nasa shago. A Ingila, a 1571, majalisa ta yi dokar da ta tilasta wa talakawa daga ɗan shekara 6 zuwa sama su sa hular ulu saƙar ƙasar ranar Lahadi da ranakun hutu, don kada kasuwar masu hula ta mutu. Ba a yi wa aikin nishaɗi irin wannan doka.

A 1589 William Lee, mutumin Calverton kusa da Nottingham, ya ƙera injin saƙa safa. Bai sami goyon bayan fadar Ingila ba, ya ƙaura da injinsa zuwa Rouen a Faransa. A nan ne masu cewa inji ya kashe saƙar hannu suke tsayawa, alhali fiye da shekara 200 bayan Lee talakawan ƙauyukan Yorkshire da na tsibiran Shetland suna saƙa safa da hannu suna sayarwa, suna tafe suna saƙa, da kube a ɗaure a ƙugu wanda ke riƙe tsinke ɗaya don hannu ya yi sauri. Inji ya ci kasuwar sannu a hankali, kuma ya ci ta da zafi, domin waɗanda suka rasa ta marasa ƙarfi ne. Sai dai masana'antun ƙarni na 19 da suka karya farashin safa su ne kuma suka cika shaguna da zaren ulu mai araha mai launuka, suka samar da matan gida masu hali da lokaci. A hannun waɗannan mata saƙa ta sami sabuwar rayuwa.

Abin da ya rage shi ne hanyar koyo. Mai sana'a a hannun uwa ko maigida yake koyo, a kansa yake riƙe ƙirga. Wadda ba ta gaji sana'ar ba kuwa sai an rubuta mata. Jane Gaugain, mai shagon zare a Edinburgh, ta fitar da littafin tsare-tsaren saƙa a 1840, inda ta yi amfani da haruffa a matsayin alamomin kowane irin zarge, littafin kuma ya yi kasuwa ƙwarai. Kwarashi ma tare da takarda ya tashi: tsare-tsarensa na farko da aka buga sun fito a wata mujallar mata ta ƙasar Holan a shekarun 1820, sannan a yunwar da ta afka wa Ireland daga 1845 ya zama abin da iyalai da dama suka ci abinci da shi. Har yau babu injin masana'anta da ke yin kwarashi na ainihi, duk wanda aka gani a kasuwa hannun mutum ne ya yi shi, abin da ya kamata mai saye ya tuna idan yana taya shi da arha.

Ana zargin rubutaccen tsari da cewa ya mayar da masu saƙa 'yan bi, suna kwafar abin da kamfanin zare ya tsara. Akwai gaskiya a ciki, domin kamfanoni sun buga tsare-tsare ne don su sayar da zarensu. Amma rubutun ne ya adana zanen Fair Isle da na Aran, ya kai su hannun waɗanda ba su taɓa ganin tsibiran ba, kuma shi ne ya ba mai sha'awa damar fahimtar lissafin da ke ƙarƙashin aikin. Elizabeth Zimmermann, haifaffiyar Ingila da ta zauna a Amurka, ta fitar da littafinta mai suna Knitting Without Tears a 1971, ta kuma shahara da koya wa mutane su saƙa ɗan gwaji, su ƙirga zarge nawa ke cikin inci ɗaya, su auna ƙirji, sannan su fitar da faɗin hannu da na wuya a matsayin kaso na wannan adadi. Wadda ta iya wannan lissafi tana iya tsara suwaita daidai jikin ɗanta da kowane zare ta samu a kasuwa, ko ulu ne ko na roba.