Aure Bai Bar Takarda Ba, Sai Rigima

Mai neman asalinsa a Ingila hanya a shimfiɗe take masa. Tun 1538 coci-coci ke rubuta wanda aka ɗaura wa aure da wanda aka binne, daga 1841 kuma ƙidaya ta riƙa ɗaukar sunan kowa a gida. Da irin wannan zaton matasa ke zuwa mana, mu masu tonon tsofaffin takardu, suna tambayar inda rajistar auren kakan kakansu take. Babu ita. A ƙasar Hausa waliyyi da shaidu da sadaki su ne aure: a shafa fatiha, a raba goro, maroƙi ya yi shela, a watse. Dokar aure ta 1914 ta masu zuwa coci ce ko ofishin gwamnati.

Ƙidaya ma ba ta fisshe mu ba. Ta 1921 da ta 1931 a Arewa galibi daga lissafin haraji aka tsamo su, abin da ya iso mana daga ta 1952 zuwa 1953 kuwa jimlar alƙaluma ne. Ta 1962 da ta 1973 soke su aka yi. Littafin haraji kansa sai da hattara, don magidanci mai wayo ba ya nuna wa malamin ƙidaya duk baligan gidansa.

Saboda haka fagen nan da sarakuna ya fara. Wani Bature mai suna Palmer ya buga fassarar Tarihin Kano a 1908, Di'o-Di'o kuma suka cika rahotannin ƙiyasin haraji da salsalar hakimai da dagatai. Rahotannin suna da amfani, amma a tuna wanda ya ba da labarin: mai rawani ne, a gaban Baturen da ke iya tuɓe shi. Reshen gidan da ya rasa sarauta sau da yawa sai ka neme shi ka rasa. Kuma kusan kowa cewa yake daga Gabas ya fito, abin da Palmer ke matuƙar son ji ke nan. A Sakkwato aikin ya fi inganci, inda Waziri Junaidu ya tsare nasabar gidan Shehu da na mabiyansa, Murray Last kuma ya dogara da taskarsa wajen littafinsa na 1967.

Takardun sun sami matsuguni bayan Kenneth Dike ya kafa ofishin ajiyarsu a 1954, da reshen Arewa a Kaduna, sannan Abdullahi Smith ya buɗe Arewa House a 1970 a gidan Sardauna. Duk da haka talaka bai shigo labarin ba sai da aka waiwayi kotun alƙali.

A nan arzikin yake. Auren da ya zauna lafiya bai bar komai ba, amma ranar da mace ta kai ƙara a raba shi, muhuti zai rubuta sunanta da na mijin da na waliyyi da abin da za a mayar. Rabon gado ya fi komai daɗin aiki. Alƙali ba ya raba tumuni da sudusi sai ya lissafa magada ɗaya bayan ɗaya: mata nawa, wace ce ta haifi wane, akwai uwa a raye ko babu. Shafi guda na iya ba ka gida sukutum, har da 'ya'ya mata waɗanda maroƙa ba sa kawowa a kirari. Allan Christelow ya nuna darajar irin waɗannan kundaye a 1994, da ya fitar da shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914. Sai dai da Larabci aka rubuta su, wanda ya tsaya ga boko kaɗai dole ya nemi malami.

Suna shi ne ciwon kanmu. Muhammadu goma a unguwa ɗaya, mutum a gida Ɗanjuma, a kotu Adamu, a makaranta an liƙa masa sunan garinsu. Tsohuwar da kake fatan ta warware maka kuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, sai ka kewaya ta wajen kishiya ko jika.

Akwai kundin da muka fi taka-tsantsan da shi, wato rajistar bayin da aka 'yanta a farkon mulkin Turawa, wadda manazarta Lovejoy da Hogendorn suka yi aiki da ita a littafinsu na 1993. A ciki akan sami suna da ƙabila da shekaru da wanda ya biya fansa, mata da yawa kuma don aure aka fanshe su. Wato abin da ya fi kama da rajistar aure a wancan zamani shi ne wanda iyalai ba sa son a buɗe. Mutum ya zo neman rawani, sai ya tarar da kakarsa a wannan layi, an rubuta ƙabilar da ba a taɓa ambata a gidansu ba. In na ci karo da haka ba na aikawa a waya. Nakan kira babban gidan shi kaɗai, in karanta masa, in bar masa shawarar wanda zai ji.