Takalafiya: Tarihin Yadda Aka Riƙa Gaya wa Jama'a Maganar Lafiya

Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci a Gazara, ko Makarfi, ko Kudan, ba ya daɗewa sai mutanen gidansu su fara miƙo masa takarda. Wata daga asibiti ta fito, wata a jikin kwalbar magani aka liƙa ta, wata kuwa saƙo ne ya shigo cikin waya. Ana so ya karanta, ya faɗi abin da za a yi. In wanda ya rubuta ta ya san aikinsa, yaro ya sha magani daidai. In kuwa ta zo a murɗe, ko ta zo da ƙarya, abin da zai biyo baya sai dai Allah ya kiyaye. Saboda haka ya kamata mu san yadda aka yi ta fama da wannan aiki a ƙasarmu, watau aikin shirya maganar lafiya yadda talaka zai ji, ya gane, ya kuma yi aiki da ita.

Ba Turawa ne suka fara rubuta maganar magani a ƙasar Hausa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan ciwon ido da basir da waɗansu cututtuka. Amma da Larabci ya rubuta su, domin malamai. Talaka ba ya samun abin da ke ciki sai ta bakin malaminsa. Wannan hanya tana da wani ƙarfi da bai kamata a raina ba: maganar takan isa wurin mutum ta bakin wanda ya riga ya amince da shi.

To, bari mu zo kusa da gida. Bayan Ikara akwai ƙasar Anchau, cikin masarautar Zazzau. A shekarun 1930 ciwon barci ya yi wa mutanen can mugun kamu, har da likitoci suka bi ƙauyuka suna dubawa, suka tarar a waɗansu wurare kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da shi. Mai kawo wannan ciwo shi ne ƙudan tsando. Yakan ciji mai ciwo ya tsotsi jininsa, sa'an nan ya ciji mai lafiya ya zuba masa ƙwayar cutar. Irin tsandon da ke wannan ƙasa yana da wani rauni guda: ba ya iya jure zafin rani sai ya sami inuwa mai sanyi a bakin rafi. In aka sassabe kurmin da ke bakin ruwa, sai ya rasa mafaka ya mutu. Wurin da mata ke ɗibar ruwa, da mashigin da fatake ke ƙetarewa, da inda yara ke wanka, nan ne yake jiran mutane.

A 1937, shekarar da Malam Ja'afaru ya hau sarautar Zazzau, gwamnati ta fara babban aiki a Anchau. Wani Bature masanin ƙwari, Dokta Nash, yana cikin shugabannin aikin. Aka yanki ƙasa mai tsawon kamar mil 70, aka sassabe bakin rafukanta duka. Aka ta da mutum wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyukan da ke warwatse cikin daji, aka tara su a sababbin garuruwa, domin a sami isassun hannuwan da za su riƙa sassabe kowace shekara. Aka haƙa rijiyoyi aka ɗaure su da siminti. Aka fitar da waɗansu daga cikin tsohon garin Anchau, wanda ya cushe ƙwarai, aka gina musu sabon gari kusa da shi mai faɗin hanyoyi, aka sa masa suna Takalafiya. Wanda ya raɗa wannan suna ya iya Hausa. Ko jariri aka haifa ba a sa masa abin da ya fi wannan fata.

Aikin ya ci nasara ta wajen ciwo, gama tsando ya ragu ainun, masu kamuwa kuma suka ragu. Amma bayan kamar shekara ashirin wani malamin jami'a daga Amurka, Horace Miner, ya zo ya zauna a wannan ƙasa yana tambayar mutane, ya buga abin da ya gano a 1960. Ya tarar da yawa daga masu sassaben ba su yarda cewa tsando ne ke kawo ciwon ba. Sun ɗauka aikin Sarki ne kawai, kamar gyaran hanya ko biyan haraji. Sarki ya ba hakimi umurni, hakimi ya ba dagaci, dagaci ya tara mutane da gatura da adduna. Waɗansu sun iya maimaita dalilin da aka faɗa musu, amma bai shiga zuciyarsu ba. Waɗansu kurmukan ma tsoronsu ake ji, ana cewa gidan iskoki ne. Inda kuwa idon hukuma ya ɗauke, sai kurmi ya fara komowa.

Kada mu yi saurin cewa mutanen Anchau jahilai ne. Mu dubi abin da idonsu ya gani. Tsando ya ciji mutum yau, gobe ya tashi garau ya tafi gona. Bayan makonni ya fara zazzaɓi da ciwon kai, kaluluwa ta fito masa a bayan wuya, abin da kowa ya saba gani. Barcin da aka sa wa ciwon sunansa ba ya zuwa sai bayan watanni, wani lokaci shekaru, sa'ad da cutar ta kai ga ƙwaƙwalwa. Wa zai haɗa cizon ƙuda na bara waccan da barcin bana, in ba an zauna an warware masa ba? Ga shi kuma tsando ya ciji mutum goma, ba duka suke kamuwa ba, domin ba kowane ƙuda ke ɗauke da cutar ba. Manomi mai hankali zai ce, “Ai ni ma ya cije ni, ga ni nan lafiya lau.” Tambaya ce ta gaskiya, tana kuwa da amsa mai sauƙi. Sai dai umurni ba ya amsa tambaya. A ganina nan ne aikin Anchau ya gaza: an gyara rafi, an gyara rijiya, an gyara gari, amma ba a ba maganar da za a gaya wa mutane rabin wahalar da aka ba waɗannan ba.

Abin mamaki, a daidai wannan zamani, a cikin Zariya, waɗansu mutane suna koyon abin da aka rasa a Anchau. An kafa Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta East. Shi East ya lura cewa littafin da aka juyo daga Turanci kalma bayan kalma ba ya shiga ran Bahaushe, don haka a 1933 ya nemi malamai su rubuta nasu da kansu. Cikin waɗanda suka amsa akwai Malam Abubakar Imam, wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a watan Janairu 1939. Ɗaya daga cikin dalilan kafa jaridar shi ne kashe jita-jita, gama a lokacin ana ta raɗe-raɗin yaƙi da Jamus. Imam yakan rubuta yadda mutane ke magana, da karin magana da misali, ya kuma ba masu karatu fili su aiko da wasiƙu. Ya san jarida ɗaya mutum ɗaya ke sayenta, amma a gindin bishiya mutane da yawa ake karanta wa. Abin da za a karanta a bayyane kuwa dole ya yi daɗi a kunne. Shi da East suka rubuta Ikon Allah, inda suka bayyana halittu da yadda suke rayuwa, suna farawa daga abin da mai karatu ya riga ya yi imani da shi.

Da aka ta da yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Coomassie na cikin jagororinsa, sai aka ga dubban manya sun iya karatu amma ba abin da za su karanta. Aka kafa hukumar NORLA a Zariya a 1954, ta yi aiki har 1959. Ta buga ƙananan littattafai masu arha a kan noma da kiwo da tsabta da kiwon lafiya, da jaridun larduna, irin su Bazazzaga ta lardin Zariya, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano. Motar majigi kuma tana bin garuruwa da dare. Mai karatun da ake rubuta wa a lokacin yana bin layi da yatsa, in jimla ta yi tsawo sai ya manta farkonta kafin ya kai ƙarshenta. Wannan ya tilasta wa marubuta su faɗi abu ɗaya a lokaci ɗaya, su kira kowane abu da sunan da ake kiransa a kasuwa.

Maganar suna kuwa ba ƙarama ba ce. Dubi “zazzaɓin cizon sauro”. Tun 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar wannan ciwo a cikin sauro a ƙasar Indiya, amma wanda ya haɗa waɗannan kalmomi uku da Hausa ya yi rabin aikin likita, gama duk wanda ya faɗi sunan ya faɗi dalilin, ba sai an yi masa dogon bayani a kan gidan sauro ba. Sa'an nan dubi “ƙanjamau”. Sunan ya nuna mutumin da ya rame ya ƙare, saboda haka mai jiki sumul ba ya zaton yana ɗauke da ita, wanda aka gaya masa yana da ita kuwa sai ya ɓoye don kunya. Shi ya sa gidajen rediyo suka koma cewa “cuta mai karya garkuwar jiki”. Ya fi tsawo, amma ya faɗi abin da cutar ke yi, bai kuma zagi kowa ba.

Awo ma haka. A wajen 1985 aka fara koya wa iyaye mata a Nijeriya haɗa ruwan gishiri da sukari domin yaro mai gudawa. Awon da aka bayar shi ne ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe, da goma na sukari, cikin ruwa kwalbar giya ɗaya ko kwalbar lemo biyu. Maganin yana da kyau, ya ceci yara masu yawa. Amma ina kwalbar giya a gidan malami a Gazara? Cokali kuma ba girmansa ɗaya ba, gishiri kuwa in ya yi yawa sai ya cuci yaron da ake so a ceta. Wanda ke rubuta awo sai ya fara leƙa madafar wadda za ta auna. Ƙunshin garin da ake samu a ɗakin magani, wanda aka riga aka auna, ya rage wannan haɗari.

Inda aka dace, an dace sosai. Da aka ƙidaya masu kurkunu a Nijeriya a 1988 an sami fiye da 650,000. Maganar da aka kai ƙauyuka gajeriya ce: a tace ruwan sha da ƙyalle, mai kurkunu kuma kada ya shiga tafki. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya yi ta bin ƙauyuka a kan wannan. An ga na ƙarshe a 2008, aka tabbatar ƙasar ta rabu da shi a 2013.

Shan inna ya fi wuya. Sunan kansa yana cewa Inna ce ta sha ƙafar yaro, watau iskokin Anchau sun sake fitowa ta wata ƙofa. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an sa abin hana haihuwa cikin maganin rigakafi, har Jihar Kano ta dakatar da shi sai watan Yuli 2004, cutar kuwa ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama. Mutane ba su manta da 1996 ba, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano. Suna kuma da tambaya irin ta manomin Anchau: don me ake biyo mu har gida da wannan kyauta, alhali maganin zazzaɓi sai mun saya? Takardun da aka liƙa a bango ba su amsa wannan ba. Abin bai daidaitu ba sai da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da sarakuna da malamai suka shiga, aka ga manya suna ɗiga wa 'ya'yan gidansu a bainar jama'a, aka kuma ɗauki matan unguwa su shiga gidaje su yi magana da 'yan'uwansu mata. A watan Agusta 2020 aka shaida cewa asalin ƙwayar shan inna mai yawo da kanta ta ƙare a Afirka.

Akwai wani abu da ya faru a 2014 da ya kamata kowane mai rubutu ya duba, ko da yake ba daɗin ji. Cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli. Cikin watan Agusta, a dare ɗaya, wani saƙo ya bi wayoyi cewa a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, kafin gari ya waye. Ƙarya ce tsagwaronta. Amma dubi yadda aka gina ta: gajeriya ce, ta faɗi abu ɗaya da za a yi, da abin da ke cikin kowane gida, ta sa lokaci, ta kuma zo ta bakin uwa ko wa ko aboki da ya bugo waya da tsakar dare don ƙauna. Daga Legas har ƙauyukan Arewa mutane suka tashi suna hura wuta. Gishiri mai yawa yana ta da hawan jini, aka kwantar da waɗansu a asibiti, aka kuma ba da labarin mutuwar mutum biyu a ƙalla. Hukuma ta fito ta ƙaryata da safe, bayan an riga an sha. Ita Ebola kuwa ba ta ko iso ƙasar Zazzau ba, aka shaida Nijeriya ta rabu da ita ranar 20 ga Oktoba 2014.